Zinariyar Anti Saratu a Ƙarƙashin Yashi

Ranar sunan jaririyar Maman Fa'iza, nan unguwar Glenwood ta garin Greensboro, 'yan mata uku suka tsare ni a kicin ina kwasar tuwo. Ɗaya ta miƙo mini waya har kusa da hanci. Wani Bature ne a bidiyo yana yawo bakin teku da mashin ɗin neman ƙarfe. Ya taka sau biyar, mashin ya yi ƙara, ya tona, sai ga zobe.

"Anti Zulai, ki ara mana naki wikend ɗin nan mana. Ai ba wani abu ba ne, yawo ne kawai."

Hannuna duk tuwo, na ce su bari zan amsa musu a rubuce. To ga amsar nan na rubuta muku. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, a Maradi, in kun ga rubutun ya karkace ku gyara a zuci. Shekarata shida a sana'ar nan, kuma aikin da ya fi kowanne koya mini ita shi ne na zoben Anti Saratu da 'yan kunnenta, waɗanda teku ya riƙe wata biyar, bikin 'yarta kuma yana ta matsowa.

Wadda ta koya mini ita ce Inna Halima, 'yar garinmu, sa'ar uwata ko ta ɗan girme ta. Ta yi shekaru tana aikin gida a unguwar Irving Park wajen wani tsoho da matarsa ta rasu. Tsohon ba shi da abin so kamar neman ƙarfe a bakin teku. Da ƙafa ta fara gaza masa, Inna ce ke tuƙa shi, ita ke riƙe masa cebur. Da ya mutu 'ya'yansa suka ce ta zaɓi abin da take so a gareji, ta ɗauki mashin biyu. Yashi kuwa ba Bature ne ya nuna mata shi ba. Tun tana budurwa suke tonon ruwa a cikin gulbin Maradi da rani, ta san inda rairayi ke da zurfi da inda laka ke kusa.

Ni lokacin ina sabuwar zuwa, ba Turanci, ba aiki, maigida yana shif ɗin aiki tun safe, ni kaɗai a ɗaki kamar mai takaba. Inna ta leƙo wata rana ta ce, "'Yar nan, zaman nan zai sa ki fara hira da firij. Tashi ki riƙe mini cebur."

Wata uku ban taɓa mashin ba sai dai in goge shi. Kayan aikin ba su da yawa. Mashin ɗin sanda ce mai faifai a ƙasa, faifan ke jin ƙarfe ya aiko da ƙara ta abin kunne. Ba kowanne ke jure gishiri ba. Na arahar nan da ake saya wa yara, da ya taɓa jiƙaƙƙen yashi sai ya yi ta kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa. Sai cebur mai dogon hannu, bakinsa kamar ƙaramin bokiti mai huje-huje, muna ce masa rariya. Ki danna da ƙafa, ki ɗebo, ki girgiza, yashi ya zube, abin ya tsaya. Sai jakar ƙugu mai aljihu biyu, ɗaya na shara ɗaya na abin kirki. Na sharar shi ke cika.

A bayan gidanta ta binne mini zobe, ƙusa, kwabo, dalma da marfin gwangwanin lemo, ta sa na rufe ido ina bi ina faɗin sunan kowanne daga ƙararsa. Ɗaliban jami'a da ke haya a gidan kusa suna leƙe ta taga suna dariya. Marfin gwangwani da zinariya muryarsu kusan ɗaya ce, shi ne abin takaicin sana'ar nan. Duk ranar da kika gaji da tono marfi kika fara tsallakewa, ranar za ki tsallake zobe.

Greensboro ba bakin teku ba ne, kun sani. Awa uku da wani abu ne zuwa wajen Wilmington. Muna tashi bayan asuba a tsohuwar motar Inna, da fulas na shayi da dambu da kopto, kwaɗon zogale, a kwano. Tana sa wa'azi har rabin hanya, daga nan ta kashe ta koma labarin mutanen kartiyensu, unguwarsu ta Maradi, wa ya auri wa, wa ya tafi Makka bai dawo ba. Har yau in na bi hanyar ni kaɗai, ina sanin daidai gidan man da take kashe wa'azin. Da na haifi Hafsa, wajen Maman Fa'iza nake barin ta, kuma ba na rabin awa ban duba waya ba. Inna ta ce, "Kunne ɗaya a mashin, ɗaya a Glenwood, me za ki ji? Sa wayar a ƙirji, in ta motsa za ki sani."

Ba a zuwa lokacin da aka ga dama. Ruwa yana cika yana janyewa, lokacinsa kuma yana sauyawa kullum, akwai jadawalinsa a waya. Aikin awa biyu ne kafin ya gama janyewa, awa ɗaya bayan ya juyo. Kin makara, kin yi tuƙin banza. Kafin Inna ta kunna mashin sai ta cire takalmi ta danna diddige a yashi. In ya nutse, sabon yashi ne ya hau, duk wani abu mai nauyi yana can ƙasa inda faifai ba ya ji. In ƙasa ta yi tauri, ga baƙin yashi, ga manyan ɓawon katantanwa a baje, to teku ya share ɗakinsa.

"Zinariya ba ta zama da marasa nauyi," in ji ta. "In kina tono takardar alewa, bar wurin. In kin fara tono dalmar masunta, tsaya nan, maƙwabciyarta tana kusa."

Abincinmu a hannun masu ɓatan kaya yake. Mutum ya yar da zobe, ya kira lambar da Inna ta bari a shagunan bakin teku, mu je mu nemo, ya ba da tukuici gwargwadon zuciyarsa. Abin da muka tsinta ba mai shi, Inna ba ta yarda a sayar sai an yi cigiya shekara guda. A gwangwanin madara take ajiye su, kowanne da 'yar takardarsa. Turawa a cikin ruwa suke yar da nasu: sun shafa man rana, ruwa ya yi sanyi, yatsa ya tsuke, zobe ya zame. Mutanenmu kuwa ba sa shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Shi ya sa in Bahaushe ya kira, tambayar Inna ɗaya ce: "Ina kuka yi salla?"

Anti Saratu 'yar Zariya ce, aikin kula da tsofaffi take yi, mace mai tsare gida, ba a taɓa jin ta yar da ko allura ba. Shekarar, bayan Babbar Salla, mata suka yi hayar bas zuwa teku. Ta sa zoben mahaifiyarta da 'yan kunnenta, irin na da masu nauyi. Tsohuwar tana Zariya da ranta, ta aiko da su ne musamman don jikarta Nafisa ta sa ranar bikinta a watan Disamba. Anti ta ce bari ta ɗana sau ɗaya, ai salla ce. Da za ta taka ruwa ta tuna amana ce, ta cire, ta saƙala 'yan kunnen biyu a jikin zoben, ta ƙulle a bakin mayafi yadda iyayenmu ke ƙulle kuɗin cefane. La'asar ta yi, darduma ba ta isa ba. Ta sa hijabi, ta kakkaɓe mayafin ta shimfiɗa. Mayafin mai santsi ne, ƙulli ba ya zama a jikinsa. Sai da ta koma gida ta ga bakinsa a warware.

Sati uku ta yi ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da ta zo falon Inna, a bakin kujera ta ɗosana.

"Inna, don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Hajiya mahaifiyata duk ta kira sai ta ce in nuna mata su a waya. Na ce mata suna banki."

"Sati uku, Saratu? Da washegari kika kira, da minti goma ya ishe mu. A busasshen yashi kuka yi sallar ko a jiƙaƙƙe?"

"Can ƙasa, inda ya fi tauri. A sama ƙafa nutsewa take."

Inna ta dube ni. Wurin da ya fi daɗin sujada shi ne wurin da ruwa ke rufewa sau biyu kullum.

Shekarar kuma ita ce mafi muni da muka gani. Da sanyin da ya wuce, hukumar garin ta kawo manyan bututu ta zuba sabon yashi don kada ruwa ya ci gidaje. Yashi fari tas, ko ƙusa babu a cikinsa. Zafi ya shigo da ƙananan igiyoyin ruwa masu turo yashi sama, suna ƙara masa. Sai mu yi tafiya uku a jere mu dawo da marfi. Masu mashin da muka saba gaisawa da su, wasu suka daina zuwa. Ni ma na koma kitso a ranakun mako, Inna kuma ta fara soya fanke tana kaiwa shago.

Wurin dai mun gane shi. Wata ta ɗauki hoton sahun mata a waya, a gefensu akwai matakalar katako da ke saukowa daga wani gida mai shuɗin rufi. Inna ta tsaya a gindin matakalar ta buɗe alƙibla a wayata. Sahu ba ya miƙewa yadda ya ga dama, in kin san alƙibla kin san yadda ya kwanta. Ta sa Anti ta tsaya inda ta tsaya ranar, ta uku daga dama, muka ja layi. A hoton hawa tara ake gani a matakalar. Ranar da muka je, shida ne a waje, sauran yashi ya haɗiye.

"Suna nan," in ji Inna. "Zinariya ba ta yawo da nisa, nutsewa take. Sai mu jira mai ɗaki ya yi shara."

A watan Satumba aka yi wa Inna aikin gwiwa. Tana kwance aka fara shelar babbar guguwa a talabijin, irin wadda ake raɗa wa suna, ana nuna mutane suna buga katako a taga. Guguwar ta wuce, ta zubar da ruwa kwana biyu har Greensboro. A Maradi in aka yi ruwa mai ƙarfi, da safe duk yaran unguwa muna bin hanyar ruwa muna tsintar kwabbai da tsakiya, duwatsun wuyan mata, ruwa ya tone su. Da wannan hankalin na tashi. Na kira Inna.

"Kada ki je. Daga ina iskar ta buso?"

"Inna, ruwan da aka yi fa! An ce har gidaje ya shiga."

"Ruwan sama na gulbi ne. Teku iska yake ji. Wannan gaba da gaba ta zo masa, yashi za ta turo."

Na ce a raina ciwo ne ya sa take son zama. Na matsa wa maigida ya ba wani shif ɗinsa ya tuƙa mu. Babban kuskuren kuma, na kira Anti Saratu na ce ta shirya, yau in sha Allahu. Ta bar aikinta ta biyo mu. A hanya har tana zancen inda za ta kai a wanke su.

Hawa uku muka tarar. Yashi ya hau har ya binne kwandon shara rabi. Diddigena ya nutse har idon sawu. Duk da haka na kunna mashin, don kunya, na yi awa uku ina tono gwangwani da guntayen waya. Anti tana tsaye riƙe da takalmanta. Da muka koma mota ta ce, "Zulai, ba komai, Allah bai nufa ba. Amma don Allah kada ki sake kirana sai abin yana hannunki." Maigida ya tada mota muka kama hanyar Greensboro.

Da na je gaida Inna ban ɓoye mata ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ɗauko tire da ɗanyar shinkafa. Ta baza shinkafar, ta tura da tafin hannu kai tsaye, ta taru tsibi a bakin tire. Ta sake bazawa, ta tura a karkace, ta zube gefe, ƙasan tire ya bayyana.

"Kin gani? Ba ƙarfi ba ne, karkata ce. Iskar arewa maso gabas muke jira, ta kwana biyu ko uku tana yankan gaɓa a kaikaice. Ba ta da suna, ba a sa ta a labarai. Na biyu kuma, mai kaya ba a ɗauko shi da alkawari."

Oktoba ya wuce shiru. Na ji Anti ta kai hoto wajen wani mai zinariya, ya ce zai yi mata mai kama. Amma tsohuwar da ta sa abu a kunne shekara da shekaru, ba a ruɗinta da mai kama.

Wata Laraba a ƙarshen Nuwamba, saura sati biyu biki, ina ba Hafsa koko Inna ta kira. Kwana uku ke nan ana wata iska mai sanyi, ba ruwa ba komai.

"Kai yarinyar wajen Maman Fa'iza. Ruwa zai gama janyewa ƙarfe ɗaya. Ke za ki tuƙa."

Hafsa tana ɗan tari ranar. Na rubuta wa Maman Fa'iza lokacin magani a takarda, na kuma faɗa mata da baki sau biyu, sai da ta kore ni.

Ban gane wurin ba. Matakalar tana rataye, hawa goma sha biyu a waje, na ƙarshen bai taɓa ƙasa ba. Gaɓa ta yanke kamar an sa wuƙa, tsayinta ya kai ƙuguna. Ƙasa baƙa, da tauri kamar daɓe. Masu mashin huɗu sun riga mu, amma suna can wajen gadar masunta inda jama'a ke taruwa. Ba wanda zai yi tunanin gaban gidan da ba kowa. Ba su san matanmu can nesa suke zaɓa ba, don kada su zauna cikin masu kayan wanka.

Inna ba ta iya sauka. Na kafa mata kujera a sama, ta lulluɓe da bargo, sandarta a hannu tana nuni. Na buɗe alƙibla na ja layin sahu. Taki ɗaya, shara ɗaya, faifai yana shafar ƙasa, ina jan rariya a baya don ta bar mini alamar inda na wuce. Dalma. Dalma. Cokali. Mabuɗi. Dalma kuma, har jakar ta fara ja mini ƙugu. Duk ramin da na tona sai na mayar, haka dokar Inna take ko da ruwa yana zuwa. Yatsuna suka daina jin komai. Ƙarfe biyu ruwan da ya juyo ya fara lasar layina.

"Inna, babu!"

"Ba ki ga yadda ruwan ke gudu ba? Kudu ya ja yashin. Matsa taki biyar hannun dama. Kuma ki rage sauri, ba kasuwa za ki ba!"

Ƙarar da ta zo ƙarama ce, a dunƙule, irin ta marfi. Na danna rariya, igiyar ruwa ta zo ta cika ramin. Na dafe wurin da ƙafa na jira ta koma. Ɗiba na biyu, babu. Na uku na girgiza a cikin ruwa, na ji abu yana ƙwanƙwasar ƙarfe da nauyi. Zoben ne, yana ƙyalli kamar yau aka ƙera shi, ɗan kunne yana saƙale a jikinsa.

Guda ɗaya. Na ƙara rabin awa ruwa har gwiwa ina neman ɗan'uwansa, sai da Inna ta daka mini tsawa na fito. A mota ta sa tabarau tana juya zoben. Inda ɗayan ya kamata ya kasance, guntun ƙugiya ne kawai ya rage, ya yi kore shar, gishiri ya cinye shi.

"Inna, zinariya tana yin kore?"

"Ba ta yi."

"To ke nan ɗayan..."

"Ke nan mu masu nema ne. Mun nemo, mu miƙa. Abin da ke cikin kayan mutane ba namu ba ne. Kunna hita, ƙafata ta daskare."

Ba mu kira ba sai da muka tsaya a ƙofar gidan Anti. Ta fito da kayan aikinta a jiki, ta karɓa, ta zauna nan bakin ƙofa tana juya su a tafin hannu. Ta daɗe tana sa mana albarka kafin ta ce, "Ɗaya kuma? Me zan ce wa Hajiya?"

"Gaskiya," in ji Inna. "Ta fi sauƙin ɗauka."

Aikin ƙarshe ke nan da na yi tare da Inna. Gwiwar ba ta koma daidai ba, bayan bikin ta tattara ta koma Maradi, ta bar mini mashin ɗin da gwangwanin madara.

A wani ɗakin taro kusa da Elm Street aka yi bikin. Anti dai ba ta iya faɗa wa tsohuwar ba. Ta sa mai ɗauri ta karkato wa Nafisa ɗankwali ya rufe kunnen hagu. Da aka gama shirya amarya aka kira Zariya ta bidiyo, ni aka ba wayar in riƙe. Tsohuwar ta kawo fuskarta dab da gilashi.

"Masha Allah. Nafisatu, ɗago hannun. To, ga zobe. Juyo kunnen. Madalla. Ɗayan fa?"

Nafisa ta dubi uwarta ta ce wani abu da Turanci. Anti ta durƙusa a gaban wayar kamar tsohuwar tana cikin ɗakin, ta faɗi komai: bas, mayafi, la'asar, wata biyar, da ƙaryar banki. Tsohuwa ta ƙara matso da fuskarta.

"Wanne ne ya dawo? Matso da shi. Mai ɗan lanƙwasa a ƙasa?"

"Shi ne, Hajiya."

Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Ai shi ne na gaskiyar! Ɗan'uwansa yana cikin rijiyar gidanmu tun kina goye a bayana. Tagulla na sa maƙeri ya yi mini ya shafa ruwan zinariya, mahaifinki har ya koma ga Allah bai sani ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ku gyara wa yarinya ɗankwali ta fito da kunnenta. Wanda bai ga biyu ba ya zo ya tambaye ni."

Na juya in dubi Inna. Tana can kan kujera ta miƙe ƙafar, tana ɓare goro, ko ɗago kai ba ta yi ba.